Tayoyin Tirelar Zumuntar Mata Sun Tsufa, Dattijo

Zuwa ga Dattijo, Shugaban Kwamitin Kayan Ikkilisiyarmu, Kafanchan.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya tare da Mama da jikoki. Na faɗa maka wannan magana sau uku a bakin majami'a, kana ce mini a yi haƙuri. Shi ya sa na liƙa ta a allon sanarwa, kowa ya karanta.

1. Bara, a hanyarmu ta zuwa taron mata a Gwantu, tayar ƙaramar tirelar da bas ɗinmu ke ja ta fashe. Tirelar ta yi rawar da ba mu koya mata ba, ta ja bas ɗin har bakin rami. Mu goma sha takwas muka tsira, amma tulun kiɗana da na gada daga mahaifiyata ya tarwatse. Shekara talatin ina buga shi. Na yi kuka a bakin titi, ban ji kunya ba.

2. Muka nemi safaya, babu. Ashe ƙarfenta ne aka rataye a bishiyar mangwaro ana bugawa lokacin sujada, robar kuma an shuka fulawa a ciki a ƙofar gidan Fasto. Fulawar ta yi kyau, ban musa ba.

3. Da muka dawo, gwanjo ka sa a gurbin wadda ta fashe. Ɗayar kuwa ka shure ta da ƙafa, ka ce zanenta bai cinye ba, don sau ɗaya take fita a shekara. Dattijo, ni ma tun da na bar koyarwa ba na zuwa ko'ina, amma gwiwoyina ba su koma sababbi ba. Zama ma yana tsufar da abu, balle zama cikin rana da ruwan sama.

4. Mai faci ya nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar da ka shura, masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta. Ta girmi jikata da ke sakandare. Gefen tayar duk ya tsattsage kamar diddige. Ya ce tayar da ta haura shekara shida a fara nema mata magaji, ko da zanenta na nan.

Wata mai zuwa za mu Kauru, kuma ka san hawa da gangaren hanyar. Roƙona shi ne a canja duka biyun da sababbi, a samo safaya, majami'a kuma ta nemi ƙararrawa ta gaskiya.

Idan kwamiti ya ga tayoyin lafiyarsu ƙalau, ba za mu yi gardama da dattawa ba. Mun dai riga mun keɓe maka kujerar baya, wadda ta fi kusa da tirela, mun rubuta sunanka a jiki.

Ubangiji ya ƙara maka hikima da tsawon kwana, musamman kafin ranar tafiya.

Wassalam.

Taka cikin Ubangiji,
Mama Rifkatu, mai kiɗan tulu, wadda yanzu ba ta da tulu.