Kofinmu Na Ƙwallon Kwando Yana Falona, Makaranta Ta Ce In Mayar

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. A ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san garinmu zai gane ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata arba'in da uku, da miji da 'ya'ya huɗu. Amma a garinmu har gobe Kyaftin ake ce mini. Shekara ashirin da shida da suka wuce, ni na jagoranci 'yan matan sakandarenmu muka ci kofin ƙwallon kwando na makarantun yankinmu kaf. Anti, garin da ko fitilar hanya babu! Filinmu ƙasa ce tsura. Kwandon ma mai walda ne ya lanƙwasa mana rodi, babana kafinta ya buga allon, yana bugawa yana mitar wai 'ya mace da tsalle-tsalle. Ƙwallonmu ɗaya, duk faci. Mu takwas ne, takalma shida, wadda aka canja sai ta tuɓe ta miƙa wa mai shiga.

Ranar wasan ƙarshe 'yan birni suka fito da riguna iri ɗaya, suna kallon ƙafafunmu suna dariya. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gabanmu da maki tara. Malaminmu, Allah ya ji ƙansa, bai yi mana faɗa ba, cewa ya yi mu daina kallon rigunansu, mu kalli ƙwallo. Muka dawo kamar an canja mu. Cikin 'yan wasanmu, Doguwa ta tare ƙarƙashin kwando ta hana kowa sakat, Bahaguwa na jifa daga nesa da targaɗe a ƙafa. Saura daƙiƙu kaɗan, suna gaba da maki ɗaya, sai 'Yar Ficika, wadda ta fi kowa gajarta a filin, ta zare ƙwallo daga hannun babbar 'yar wasansu ta cillo mini. Na jefa, ta zagaya bakin ƙarfen, ta faɗa. Da muka dawo a bayan a-kori-kura, gari ya fito bakin titi, har babana mai mita ya ɗora kofin a ka yana rawa.

To, ga matsalar. Shekara uku da suka wuce na je makarantar aikin rigakafi, aka buɗe mana sito mu ajiye kaya. Can a lungu, bayan karyayyun kujeru, na hango kofinmu, ya yi baƙi, hannu ɗaya ya lanƙwashe, an cika shi da tsofaffin ƙusoshi. Anti, hawaye na yi. Ban tambayi kowa ba, na zazzage ƙusoshin, na naɗe shi a mayafina na fice. Na kai aka gyara, na goge shi, yanzu yana kan kabet a falona. Maigidana har tsokanata yake, wai ya auri ɓarauniyar kofi.

Yanzu an kawo sabuwar shugabar makaranta, ta farfaɗo da wasan, ta ji labari, ta aiko mini takarda cikin ladabi tana roƙon in mayar. Doguwa ta ce in bayar, Bahaguwa ta ce in na bayar ba ni ba ita. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Ina hukumar makarantar take lokacin da yake cin tsatsa? In wannan shugabar ta tafi, wa ya san inda za a sake jefa shi? Laifi na yi ne? Yaya zan yi?

Taki,
Tsohuwar Kyaftin

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, sai da na ji kamar ina cikin masu tarbarku a bakin titi. Ɗan hakin da ka raina, ai kun nuna wa 'yan birni. Sannunku.

Kina da gaskiya ta wani ɓangare. Makarantar ta yi sakaci, kuma ba don ke ba da tuni kofin ya bi 'yan gwangwan. Tsoronki ma ba na banza ba ne.

Amma ki yi haƙuri in faɗa miki ɗaya gefen. Kin ɗauka ba da izini ba, kuma kofin ba naki ba ne ke kaɗai. Ke kika jefa ƙwallon ƙarshe, amma da 'Yar Ficika ba ta zaro ta ba, me za ki jefa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A falonki baƙinki kawai ke ganinsa, a makaranta kuwa 'yan mata ɗaruruwa ne za su wuce ta gabansa kullum su san cewa yayyensu sun taɓa yi. Shugabar da ta roƙe ki da ladabi, alhali tana iya yi miki barazana, ta cancanci ki saurare ta.

Ki je ki same ta da kanki, ki ba da haƙurin yadda kika ɗauka. Sannan ki faɗi sharuɗɗanki: a yi masa akwatin gilashi mai makulli a inda ɗalibai ke taruwa, a rubuta sunayenku ku takwas da na marigayi malaminku, a kuma sa a rubuce cewa duk ranar da makaranta ta kasa kula da shi za a kira ku. Kada ki aika da shi a leda. Ki tara 'yan'uwanki, ki lallashi Bahaguwa ta zo, ku miƙa shi gaban ɗalibai, ku ba su labarin da bakinku. In da hali, ki riƙa leƙa filin lokaci-lokaci, yaran nan suna buƙatar wadda ta taɓa cin wasa da takalmin karɓa-karɓa.

Allah ya ji ƙan malaminku, ya ƙara muku zumunci, ya sa ki ga ranar da za a ajiye kofi na biyu kusa da naku.