Inna Ta Ƙone Babi na Biyu

Laraba, bayan isha'i

Babi na biyu ya zama toka.

Wata uku ina hawa motar Ɗambatta zuwa laburaren jami'a a Kano, ina karanta abin da masana suka rubuta kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu. Kowane marubuci da 'yar takardarsa: suna, shekara, shafi, da abin da ya ce. Ni kuwa tun ina firamare hannuna ba ya fara rubutu sai ya sa Bismillah a sama.

Da safe na baje su a kan tabarma a tsakar gida, waɗanda bakinsu ya zo ɗaya gefe guda, masu saɓani gefe guda. Yau na fara hango inda nawa binciken zai shiga. Sai hedimasta ya kira ni, na fita a gurguje.

Na dawo na tarar da Inna tana wanke hannu. Ta ce, "Iska ta watsa 'yan takardunka, kaji suna ta taka sunan Allah. Na tsince su tas na ƙone, kada alhaki ya hau kanka."

Har da murmushinta. Me zan ce? Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ranar Litinin malamin da ke duba aikina yake jiran babin. Na kasa cin tuwo. Ɗazu na ɗauko sabuwar takarda in rubuta ko da sunan masani ɗaya ne, amma kaina fayau. Bismillah kawai na rubuta, ga ta nan ina kallo.