Takwaranka Ya Shiga Teku da Tukunya a Baya

Malam, sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba mai kai maka ita, amma dama can ni ce mai magana kai ne mai gyaɗa kai, to bari mu ci gaba a haka.

Mu dai muna nan Yalwawa lafiya. Gero ya yi kyau bana, gwiwata ce dai ta ƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne takwaranka, jikanmu ɗan Hajara, wanda ke karatu a Masar. Yaron nan jininka ya motsa masa. In an ba su hutu sai ya tafi teku, ya goya tukunyar iska irin ta gas ɗin girki, ya sa takalma kamar ƙafar agwagwa, ya shige ƙarƙashin ruwa. Ba kifi yake kamawa ba, Malam, kallonsu kawai yake yi ya dawo! Kai da ka ci da mu da kifin kogin Haɗeja, me za ka ce?

Ya riga ya yi karatun farko. Yanzu wai yana son na gaba: yadda ake ƙara zurfi, yadda ake gane hanya in ruwa ya yi duhu, yadda ake ceto abokin tafiya in ya rikice. Da ya kira uwarsa ya ce zai ƙara koyon nutso, ita nutsewa ta ji, ta zo mini da kuka in hana shi, tunda maganata yake ji. Tana ganin duk wanda aka koya wa zurfi, zurfin zai nema.

Ni kuma na zauna ina juya abin. Yaron ya taɓa ce mini ƙa'idarsu ta farko kada ka riƙe numfashi, kuma kada ka taso da gaggawa. Kai ko duk gwanintarka riƙe numfashi ce. Wa ya koya maka? Ko kunnenka na hagu da ya toshe shi ne malamin? Da an zaunar da kai an yi maka bayani tun kana saurayi, da ba sai na zagaya ta dama ba in ina son ka ji ni.

Ya kuma ce rabin karatun nutsuwa ake koya, yadda mutum ba zai firgita ba in abu ya lalace. Nan na tuna fuskarka kafin ka faɗa ruwa, kamar mai shirin kabbara.

Abin da ban taɓa gaya maka ba, Malam, kullum in ka dawo ina son in tambaye ka me ake gani a can ƙasa. Kunya ta hana ni, sai in ce ruwan wanka ya yi zafi.

Na gaya wa Hajara, tunda ko mun hana sai ya shiga, gara ya shiga da sani. Na ba shi izini, bisa sharaɗi guda: duk abin da ya gani ya zo ya ba ni labari, kada ya rage ko ƙaguwa.

Sai na iso, ka tanadi naka labarin. Ta dama zan zauna.

Taka, wadda ke tsaye a bakin gaɓa,
Kakar takwaranka