Lauyan da Ke Rubutu da Hagu

Daga Babban Lauya, Fatakwal, zuwa ga Malam Badamasi, Durun.

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya gona? Ƙanenka Gali lafiya lau yake, sai dai yatsunsa uku sun ƙi motsi tun da aka yi masa tiyatar wuyan hannu. Muna neman diyya, amma asibitin sun ce ya dangwala a wata takarda kafin aikin. Ka taho maza ka karanta mana ita, tunda ka yi boko. Kada Inna ta ji.

Yaya, na san kana dariya. Wane lauya ne ke rubutun ajami, kuma a karkace? Ni ne Gali, da hagu na rubuta. Don Allah ka yi sauri, har tuwo da hagun nake ci.