Maraɗi Ba Ƙasar Waje Ba Ce

Unguwar Lalle, farkon damina.

Zuwa ga Shugaban cibiyar binciken tattalin arziki da ta taɓa aiko ma'aikata ƙasar Gobir.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ranka shi daɗe, tun kakar da ta gabaci rufe iyaka na farko nake riƙe da wannan magana. Na yi shiru don ban ga mai saurare ba. Yanzu na ji za a ɗora sabon shirin tallafin noma bisa rahotonku na wancan lokaci, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni tsohon malamin sakandare ne. Darasin tattalin arziki na koyar a Isa har na yi ritaya na dawo gona.

Na farko, ba ni da ja da ƙa'idar da kuka yi aiki da ita: kowace ƙasa ta riƙe abin da ya fi mata sauƙin samarwa, ta sayar, ta sayi saura. Na rubuta ta a allo sau ba adadi.

Na biyu, tambayarku. Matasan da kuka aiko masu ladabi ne. Sun bi manoma ɗaya bayan ɗaya suna tambaya ko suna sayar da amfanin gona a ƙasar waje, kowa ya ce a'a. Ba ƙarya aka yi musu ba. Ga Bagobiri, ƙasar waje ita ce inda ake zuwa da jirgi. Maraɗi da Tibiri da Madawa gida ne, can gwaggona ta yi aure, can aka rufe ta. In ya zama dole mu bambanta, Faransa muke ce wa wancan ɓangare. Da an tambayi wa ke kai gero Faransa, da takardu sun cika. Mutumin da ya ce a'a da hantsi, shi ne ya ɗaura buhu bisa babur da la'asar ya bi ta Burkusuma, ya dawo da sefa a aljihu. Na ja jagoran tawagar gefe na bayyana masa. Ya yi godiya, ya ce daga sama aka tsara tambayar, ba shi da ikon sauya kalma.

Na uku, abin da ya biyo baya. Rahotonku ya ce noman ci kawai muke yi, ba mu fitar da komai, mafitarmu riɗi ne don kasuwannin ƙetare. Sai aka ce taki mai rahusa na mai shuka riɗi ne. Ƙanena, wanda ke riƙe da gandun gidanmu, ya karɓa ya shuka riɗi a madadin gero kamar kowa, don gona ba ta jiran a gama gardamar masana. Riɗi ya yi kyau. Amma kun kwatanta farashinsa na ƙetare da farashin gero na kasuwar Sabon Birni, kun manta da nisan Legas, da kuɗin mota, da shingayen hanya. Da ɗalibina ne ya yi haka, da na rage masa maki. Dillalai suka zo suka yanke farashi, da 'yan bindiga suka tsare hanya kuma, dillalan suka daina zuwa. Riɗi dai ba a tuƙa tuwo da shi.

Muna da irin gero tun na kakanni, mai dogon kai da farar ƙwaya. Masu fura na Maraɗi da suna suke nemansa, ɗan Lalle, har su ƙara kuɗi a kai. Wannan shi ne fifikon da kuka zo nema, yana rataye a rumbunanmu lokacin da kuke tambaya. Shekarar da riɗi ya kwanta babu mai saye, gida gida aka sauko da damman iri, aka sussuka, aka ci.

Ba diyya nake nema ba, na girmi wannan zato. Abin da nake roƙo shi ne ku bayyana a fili cewa tambayar ta yi kuskure, kafin a sake raba taki da rance bisa amsarta. Ku sake tambaya da kalmar da mutane ke ji, ku kuma lissafa kayan da ke bin hanyar babur, ba na ƙofar kwastan kaɗai ba. In kun aiko mutane, za ni zauna da su kyauta.

Allah shi ƙara maka basira, shi sa ka gama da aikinka lafiya, shi tsare zuriyarka daga shawarar wanda bai san gonarsu ba.

Bana na nemi tiya guda ta ɗan Lalle don in shuka. Na aika Bafarawa, na aika Tibiri. Babu shi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Unguwar Lalle.