Sunan da Baba ke kiran Inna

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara. Abin ya tsaya min a rai, kuma ba wanda zan iya gaya wa a gidanmu.

Tun da idon Baba ya raunana, ni ke yi masa karatu in na taso daga shagon ɗinki. Yana kishingiɗe a kujerarsa mai karyayyen hannu, Inna na bakin ƙofa tana tsintar shinkafa tana kasa kunne, don ita ba ta yi boko ba. Kwanan nan ya sa na ɗauko wani tsohon littafin yaƙe-yaƙen zamanin da, irin wanda kowa ya karanta a makaranta ban da ni. Bangon ma ya fita, da zare aka ɗinke shi.

Ba zan yi ƙarya ba, marubucin ya iya. Na kasa haƙuri, na riƙa wucewa gaba ni kaɗai a shago, har na ƙona rigar wata da dutsen guga. A nan na ci karo da 'Yar Rafi.

Anti, sunan da Baba ke kiran Inna ke nan tun kafin a haife mu. Ya ce mata sunan wata kyakkyawa ce a littafi. Jikoki ma Kaka 'Yar Rafi suke cewa, ita kuwa baki har kunne. Ashe ta cikin littafin baiwa ce. A bakin rafi mayaƙa suka kama ta, ba wanda ya tambayi sunanta na gaskiya. Marubucin ya ɓata shafi guda yana yabon wuyanta da idonta, sannan jarumin littafin ya yi kyauta da ita haɗe da doki. Dokin ma an ba da labarin ƙarshensa. Ita ko kalma ɗaya ba ta furta ba.

Raina ya ɓaci da littafin, ya ɓaci da Baba, ya fi ɓaci da ni kaina, don har yanzu ina son in san yadda yaƙin zai ƙare. Mun kusa isa babin. Kullum Inna sai ta tambaya ko an kusa zuwa wurin takwararta. In tsallake? In canza labarin? Ko in karanta kowa ya ji?

Mai karanta wa Baba

'Yata, ɓacin ranki yana kan hanya. Littafi zai iya yin daɗi kuma ya yi zalunci, ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Ki ƙarasa shi, ki ci gaba da jin haushinsa.

Amma kada ki yanke wa mahaifinki hukunci tukuna. Yana saurayi ya karanta shi. Mai yiwuwa shafin yabon nan ne kawai ya zauna masa, sauran ya wuce shi kamar yadda ya wuce dubban masu karatu. Wannan ba mugunta ba ce, sai dai ba abin alfahari ba ne, don shekara da shekaru bai taɓa tambayar kansa me ya sami yarinyar ba.

Kada ki tsallake, ya san littafin, zai gane. Kada ki ƙirƙira, wata rana jika zai karanta a makaranta ya zo ya faɗa a tsakar gida. Kuma kada ki bari Inna ta fara jin wannan daga bakinki a gaban jama'a.

Ki sami lokacin da ta fita unguwa, ki karanta wa Baba babin shi kaɗai, a hankali, ba tare da sharhi ba. In kin kai ƙarshe ki rufe littafin ki yi shiru. Shi ya raɗa sunan, shi ya kamata ya yi mata bayani, ba ke ba. Daga nan ita ke da zaɓi: ta riƙe sunan ko ta ajiye. Wannan karon dai a tambaye ta.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa iyayenki lafiya.