Takalmin da Babanki Ya Bari

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare min ku. Mu nan da sauƙi, ƙafata ta daina kumbura. Yayanki ya rufe shagon babanku, amma na hana shi sayar da keken ɗinkin. Wata biyu ke nan da rasuwar babanki, har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa da safe kafin in tuna.

Maganar takalmi ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna bara babanki ya ɗinka miki na fata, kika mayar masa da shi da 'yar takarda, wai ke yanzu ba kya cin nama, ba kya sa fata ko ulu ko siliki, har kika haɗo da hotunan takalman auduga da na ɓawon itace, kika ce su ake yayi. Na faɗa miki a waya, zan kuma maimaita: ra'ayinki naki ne, ban hana ki ba, amma mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinka fata, da ita ya ciyar da ke, ba a mayar masa da kyauta ta gidan waya. Tausayin dabba bai kamata ya sha gaban tausayin uba ba.

Shi bai yi fushi ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana duba hotunan, ya ce ai yarinyar nan tana da ido, dubi yadda aka karkata maɗaurin. Ya sayo yadi mai kauri ruwan toka da ƙasan roba, ya zauna yana koyo kamar sabon shiga, yadin yana yagewa, yana warwarewa yana sakewa. Kwana huɗu da gamawa aka kwantar da shi asibiti.

Jiya ina naɗe takalman yadin da ya ɗinka miki na sa hannu ciki, na ji santsi a wajen dunduniya. Fata ce, ba ta fi girman babban yatsa ba, a kowace ƙafa. Haka yake yi wa duk takalmin da ya ɗinka don kada ya ci wa mai shi ƙafa. Ban sani ba ko hannunsa ne ya riga shi, ko da gangan ya yi. Yayanki ya ce in yi shiru, ba za ki lura ba. Ban koya muku ƙarya kuna ƙanana ba, ba zan fara da tsufana ba. Na ɗauko reza in farke ɗinkin, na ga sawun allurarsa a jere, na kasa.

Zan aiko su yadda ya bar su, da rezar a cikin kwalin. Ki cire da hannunki ko ki bari, ba zan tambaye ki ba. Amma wannan karon kada ki mayar, mai gyarawa ba ya nan.

Gwaggonki da Auta suna gaishe ki. Ki gaida mijinki, ki shafa min kan yara.

Mamanki.